Kuɗin Goro a Sararin Sama: Tuƙin FPV da Dokar Jirage Marasa Matuƙa a Najeriya

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: kyamara ta taso daga bayan motar amarya, ta ratsa ƙarƙashin rumfa, ta kutsa tsakanin dawaki biyu, sannan ta yi sama ta juyo kamar shaho. Ƙaramin jirgi ne mai farfela huɗu ya ɗauki hoton. Mai tuƙa shi yana tsaye a gefe, fuskarsa rufe da wani tabarau mai allo a ciki, yana ganin abin da jirgin ke gani kamar yana zaune a goshinsa. Wannan salon tuƙi shi ake kira FPV, taƙaitaccen sunan Turanci da ke nufin kallo da idon jirgin kansa.

A ƙasashe da dama wasa ne na sha'awa, har tsere ake yi da shi. A nan kuwa, matashin da ke Janfalan ko Hunkuyi ko Makarfi, in ya tara kuɗinsa ya haɗa irin wannan jirgi, tambayar farko da zai fuskanta ita ce: wa ya ba ka izini? Ra'ayina a kan amsar da hukuma ta tanada shi ne, tsoron da take ji yana da tushe, amma ma'aunin da ta ɗauka bai dace ba. An yi wa duk abin da ke da farfela kuɗin goro, alhali kimiyyar abin ta nuna ƙarara cewa haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda abin yake aiki

Jirgin FPV hanyoyin rediyo biyu gare shi. Ta farko tana kai umarni daga rimot ɗin da ke hannun matuƙi zuwa jirgi, galibi a kan zangon gigahaz 2.4 ko ƙasa da haka. Ta biyu tana dawo da hoto daga kyamara zuwa tabarau, galibi a kan gigahaz 5.8. Wato jirgin yana ɗauke da 'yar ƙaramar tashar talabijin, tabarau kuma shi ne akwatin kallonta. A tsakiyar jirgin akwai ƙwaƙwalwa mai girman kwalin ashana, wadda ke gyara gudun injinan nan huɗu sau ɗaruruwa zuwa dubbai a cikin daƙiƙa guda. Manhajar da aka fi ɗora mata, Betaflight, kyauta ce, kowa na iya saukewa ya karanta yadda aka rubuta ta.

Kada ka haɗa shi da jirgin ɗaukar hoto irin na kamfanin DJI da aka saba gani a wajen biki. Wancan in ka saki rimot, sai ya tsaya cak a sama, saboda yana riƙe kansa da GPS. Jirgin FPV na tsere kuwa, in ka saki hannu, yadda ka karkata shi haka zai ci gaba da tafiya har ya daki wani abu. Yana iya wuce kilomita 100 a awa, batirinsa kuma minti uku zuwa shida ya ƙare.

Mai tabarau makaho ne ta ɓangare uku

Tushen dokar tuƙin jirgi a duniya, tun zamanin da babu na'urori, shi ne ka gani ka kauce. Matuƙin FPV yana ganin gabansa kawai. Bayansa, samansa, da mafi yawan gefensa duhu ne a wajensa. Wayar lantarki siririya ba ta fitowa a allon sai an zo daf da ita.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kilomita 100 a awa daidai yake da kusan mita 28 a daƙiƙa. Hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 30 kafin ya iso tabarau, ɗan Adam kuma yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. In ka haɗa, jirgin ya ci kusan mita takwas kafin matuƙi ya soma kaucewa. Yaron da ya fito da gudu daga bayan rumbu a cikin waɗannan mita takwas ɗin, sai dai Allah ya kiyaye.

Sai matsalar sigina. Tsawon igiyar gigahaz 5.8 bai wuce santimita biyar da ɗan ɗoriya ba, irin wannan igiya kuma ba ta jure katanga, ko dutse, ko ganye mai ruwa. Ka zagaya da jirgi bayan gonar rake a Makarfi, ko bayan wata ƙatuwar kuka, sai ka ga allon ya cika da yayyafi kamar talabijin ta da. Wasu sukan ce a ƙara wa na'urar ƙarfi. To, a fili fetal, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, kuma ƙarar da ka ƙara tana danne hoton duk wani mai tashi kusa da kai. Shi ya sa a Turai wanda ba shi da lasisin rediyo ba ya wuce miliwat 25 a wannan zango.

Maganin wannan makanta mun san shi tun kaka da kakanni: ɗan jagora. A Amurka da Tarayyar Turai, doka ta yarda ka sa tabarau, da sharaɗin wani mutum ya tsaya kusa da kai yana bin jirgin da idonsa, ya yi maka magana in ya hango jirgi ko mutum ko dabba. Sun kuma taƙaita tsayi a kusan mita 120. Waɗannan sharuɗɗa biyu ba ni da ja a kansu ko kaɗan.

Sauro da shaho

Abin da ke raunata mutum in jirgi ya buge shi shi ne kuzarin motsi, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, ana auna shi da jul. Ɗauki jirgin tsere mai nauyin giram 700 yana gudun mita 28 a daƙiƙa: kusan jul 270 ke nan. Kwatankwacinsa, jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 cike da ruwa ta faɗo maka daga tsayin mita ɗaya da ɗoriya, ga kuma farfela masu yanka kamar reza. Yanzu ɗauki ɗan mitsitsin jirgin koyo mai giram 30, wanda ke zama a tafin hannu, farfelunsa a cikin kariya, yana gudun mita 10 a daƙiƙa: jul ɗaya da rabi. Babban tumatir ne ya faɗo daga kan tebur. Tsakaninsu ninki kusan 180 ne, amma dukansu sunansu jirgi mara matuƙi.

Wannan lissafi ne ya haifi iyakar giram 250 da ka ke ji ana ambata. A ƙarshen 2015 kwamitin da hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta kafa ya ƙiyasta cewa abu mai giram 250 in ya faɗo daga sama yana kai kusan jul 80, inda bugu a kai ke iya yin kisa. Daga nan aka ce wanda ya kai wannan nauyi a yi masa rajista. A can, mai tashi don sha'awa yana yin gwajin sanin ƙa'ida kyauta a intanet tun 2021, rajista kuma dala biyar ce ta shekara uku. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 2019/947 da ta soma aiki a ƙarshen 2020, ta raba tashi gida uku gwargwadon haɗari, ta kuma ware wa ƙungiyoyin masu jiragen wasa tanadi na musamman. Ba don ba su san ɓarna ba ne: a Disambar 2018 rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi kusan dubu. Duk da haka ba su rufe ƙofar koyo ba.

Abin da muka yi a nan

A watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa babu wata ma'aikata, ko kamfani, ko mutum da zai tashi jirgi mara matuƙi a sararin ƙasar nan, ko don mene ne, sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Sharuɗɗan izinin da jaridu suka buga a lokacin sun haɗa da kamfani mai jarin naira miliyan 20, da kuɗin nema naira 500,000 da ba a mayarwa, da shigar da takarda wata shida kafin fara aiki. Shigo da jirgin daga waje ma yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga wannan ofishi na tsaro.

Ka dubi waɗannan sharuɗɗa da kyau, za ka ga wanda aka yi su dominsa: kamfanin mai da zai duba bututu, ko kamfanin safiyo. Ɗalibi bai zo a ran mai rubutun ba. A 2023 NCAA ta sabunta ƙa'idojinta, ta ware kashi na 21 musamman don waɗannan jirage, kuma wannan ci gaba ne da ya kamata a yaba. Sai dai gyaran takarda daban, hanyar isa gare ta daban. Takardar da Turancin lauyoyi take, ofisoshin da ke da ta-cewa suna Abuja da Legas, tantancewar tsaro kuma tana nan daram. Ɗan sandan da zai tare yaro a filin ƙwallon Ikara ba shi da sikeli, ba shi da wani kati da zai ce a nuna masa. Abin da ya sani kawai shi ne an hana.

Cewa ƙofar tana buɗuwa ga mai ƙarfi, ga shaida a maƙwabta. A 2021 gwamnatin Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline, a 2022 kuma aka buɗe cibiyarsa a Pambeguwa ta ƙaramar hukumar Kubau, inda jirage marasa matuƙa ke kai magani da rigakafi asibitocin karkara. Jiragen suna kai kaya har nisan kusan kilomita 80, garin Ikara kuwa bai kai haka nisa da Pambeguwa ba. Aiki ne mai kyau. Amma ka lura da darasi biyu. Na ɗaya, hukuma ta iya auna haɗari ta ba da izini in ta ga dama. Na biyu, sararin da ke saman gonakinmu yanzu ba fanko ba ne: ga jiragen magani suna tafiya ƙasa-ƙasa, ga ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, suna shawagi da ƙananan jirage a kewayen birnin, Hunkuyi kuma ba ta da nisa. Mai tabarau da ba a koya masa komai ba, ba a kuma san da shi ba, shi ne ainihin haɗari ga waɗannan.

Hujjar tsaro

Ba zan raina wannan hujja ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun 2022 duniya ta ga yadda aka mai da jirgin FPV mai arha makami a yaƙin Rasha da Yukren. A gida ma an ruwaito mayaƙan ISWAP sun kai wa sojoji hari da jirage marasa matuƙa a Wajiroko ta jihar Borno a Disambar 2024, kuma a Janairun 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta haramta tashinsu a Arewa maso Gabas. A fagen daga, wannan hani daidai ne.

Amma ka tambayi kanka: wane ɗan ta'adda ne ya taɓa cike fom? Wanda ke niyyar ɓarna ta ɓarauniyar hanya yake shigo da kayansa. Abin da ke tare shi shi ne tsaron iyaka, da bayanan sirri, da na'urorin gano sigina da toshe ta. Tsadar izini mai gaskiya kaɗai take tacewa. Shi kuma mai gaskiyar, ko dai ya haƙura, ko ya tashi a ɓoye. In ya haƙura, ƙasa ta yi asarar gwani. In ya ɓuya, hukuma ta rasa sanin su wa ke tashi, a ina, da wane irin jirgi, wanda shi ne bayanin da jami'in tsaro ya fi buƙata don ya bambance baƙon jirgi da na ɗan gari.

Gwanayen nan kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Ƙungiyar Aerorozvidka ta Yukren, wadda ta taimaka wa sojojin ƙasar da leƙen asiri ta sama, 'yan sa-kai ne masu sha'awar jirage suka kafa ta a 2014. Mu ma muna alfahari da Gulma, da aka ƙaddamar a Kaduna a 2013, da Tsaigumi a 2018, jiragen da injiniyoyin sojan samanmu suka yi aiki a kansu. Wanda zai ƙera na gaba, yau yana wani shagon gyaran waya yana koyon narka dalma a kan allon lantarki. Haɗa jirgin FPV guda yana koya masa lantarki, da rediyo, da manhaja, da lissafin iska, a lokaci ɗaya.

Akwai kuma abin da ba za a manta ba. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Allah ya jiƙansu. Wannan masifa ta nuna cewa abin da allo ke nuna wa matuƙi bai taɓa zama cikakkiyar gaskiyar abin da ke ƙasa ba, ko da matuƙin ƙwararre ne mai izini. Ta kuma bar tabo: a ƙauyukan jihar nan, ƙugin abu a sama ba abin dariya ba ne.

Daddawa ma da wari

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu tashin jiragen nan suna da nasu laifin, kuma shi ke ƙara wa hukuma hujja. Ratsa taron biki ko hawan sallah da jirgi mai jul 270 a daidai kan mutane ganganci ne, ko da bidiyon ya yi kyau. Doki in ya firgita a cikin taro, ai ka san sauran.

Babban abin ma shi ne gida. Ginin Bahaushe gaba ɗayansa an tsara shi ne don tare ido daga gefe: zaure, katanga, ƙofar da aka rubuta wa "ba a shiga". Tsakar gida a buɗe take ta sama, makewayi da wurin wanka a gidajen karkara da yawa ba su da rufi. Jirgi mai kyamara yana tsallake duk wannan kariya cikin daƙiƙa biyu. Dokokin da aka kwafo daga Turai sun fi damuwa da faɗowar jirgi a kan mutum. A Janfalan, jirgin da bai taɓa kowa ba ma yana iya tada fitinar da sai hakimi ya shiga. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, amma ƙa'idar tashi tana buƙatar ta faɗe shi da baƙaƙe manya: ba a bi ta saman gidan mutane, ko da wucewa ce.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a raba mataki bisa nauyi da wuri, a kuma bayyana shi yadda mai gari da ɗan sanda za su gane. Jirgin da bai kai giram 250 ba, a fili nesa da mutane, rajista ta waya ta ishe shi. Mai nauyi ya ƙara da gwaji. Mai neman kuɗi da shi ko mai tashi nesa da ganin ido ya bi doguwar hanya.

Na biyu, gwajin ya zama kyauta ko kusa da kyauta, a waya, da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Ya koyar da mita 120, da ɗan jagora, da nisantar filin jirgi da barikin soja, da yadda hazon hunturu ke rage nisan da ɗan jagora zai iya gani, da haɗarin batirin lithiyam da aka bari a rana lokacin bazara ko aka yi wa caji ba mai tsaro. Wanda ya ci a ba shi kati mai lamba, lambar kuma a manna ta a jikin jirgi.

Na uku, a amince da filayen tashi. Fili ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin makaranta ko ƙungiya mai rajista, da sanin hakimi da babban jami'in 'yan sanda na yanki, da littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya tashi. Ta hannun irin wannan ƙungiya za a iya tantance shigo da kayan haɗi, a maimakon kowane ɗalibi ya nufi Abuja saboda injin da bai kai girman goro ba.

Na huɗu, a fitar da taswirar wuraren da aka hana da hanyoyin jiragen magani, kowa ya gani a wayarsa. Ba a ce wa mutum ya kauce wa hanyar da ba a nuna masa ba.

Kai kuma mai sha'awa, kafin a kai ga haka, doka tana nan kuma tana aiki a kanka, don haka nemi izini kafin ka tashi a waje. Fara da manhajar kwaikwayon tuƙi irin su Liftoff ko VelociDrone, inda faɗuwa ba ta cin ko sisi. Daga nan ka koma ɗan ƙaramin jirgi a cikin ɗaki ko zauren makaranta. Ran da ka fita fili da izininka, je ka gai da mai unguwa tukuna, ka nuna masa jirgin, ka ba shi tabarau ya leƙa, kuma kada ka rufe idonka sai da ɗan jagora a gefenka.

Kayan aikin gyaran nan duk suna kusa. Kwalejin tuƙin jirgi tana Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama tana Kaduna. In NCAA ta ba ɗaya daga cikinsu ikon shirya gwaji da Hausa da kula da filin gwaji guda a tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara, shekara ɗaya ta isa a ga mutum nawa za su fito su rubuta sunansu da kansu.